Ƙa'idar bayyana hoton gida da aka ƙawata da kwamfuta

Ƙawata hoton gida da kwamfuta dabara ce ta dillalan gidaje, musamman a Amurka. Za a ɗauki hoton ɗaki fayau, babu ko tabarma, sai manhaja ta zuba masa kujeru da gado da labule da kafet. A da sai an yi hayar kayan ɗaki na gaske, a kwaso su a mota, a jera, a ɗauki hoto, in an sayar da gidan a mayar. Sauƙin kuɗi ne ya sa dabarar ta yaɗu, sannan ƙirƙirarriyar basira ta mayar da ita aikin 'yan mintoci.

Hannun da ya iya ƙara kujera kuwa zai iya shafe tsagewar bango. A nan rigimar take. Mai saye ya ga falo tsaf a waya, ya zo ya tarar da tabon yoyo a silin, ga turken lantarki tsaye gaban tagar da hoto ya nuna masa sararin sama.

Da daɗewa abin da ke tsawatarwa shi ne kundin ɗa'ar ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, NAR, wanda aka fara kafawa a 1913. Sashe na 12 ya wajabta wa mambobi su nuna gaskiyar abu a tallarsu. Rumbunan tallar gidaje na yankuna, waɗanda ake kira MLS, kowanne na da nasa sharaɗin, kuma da yawa suna son a rubuta cewa an ƙawata hoton. Sai dai waɗannan ƙa'idojin ƙungiya ne, hukuncinsu tara ce ko dakatarwa.

Jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka. Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 723 a 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Duk dillali mai lasisi da ya sa hoton da aka sauya a talla, dole ya faɗa a fili, a kan hoton ko kusa da shi, ya kuma ba da hanyar ganin na asali, ko ta adireshin intanet ko ta lambar QR. Sauyin da ake nufi ya haɗa da kayan ɗaki, fenti, daɓe, shuke-shuke, har abin da ake hangowa ta taga da gidajen maƙwabta.

Dokar ba ta hana ƙawatawar ba, ɓoyewa ta hana. Ta kuma ɗauke kai daga gyaran yau da kullum na masu hoto: ƙara haske, daidaita launi, miƙar da hoton da ya karkace, ko datse gefensa, muddin bai sauya kamannin gidan ba.