Me ake nufi da "bakin gwal" a alƙalamin tawada, kuma ya kai kuɗin da ake sa masa?

Duk wanda ya fara shiga harkar alƙalamin tawada, ina nufin irin wanda ake ɗura masa tawada daga kwalba ba biro ba, ba zai daɗe ba sai ya ji ana cewa wane ya sayi mai bakin gwal, wane kuma yana tarin kuɗin mai bakin gwal. A wajen masu wannan sha'awa shi ne iyakar da ta raba alƙalamin 'yan koyo da na manya, in ka tsallaka ta to ka zama ɗan gari kenan. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi da ya ɗan tara kuɗi yana so ya tashi daga na dala 5 ko dala 30 zuwa wani abu na kirki, tambayar farko da yake yi ita ce wanne ne mai gwal ɗin da ya fi araha. Ni kuma ina ganin kafin a kai ga wanne, gara a san me gwal ɗin yake yi a jikin alƙalami, don abin da mutane suke zato ba shi bane.

Baki dai shi ne wannan ƙarfen mai tsini da aka tsaga biyu a tsakiya, tawada na bin tsagar tana saukowa kan takarda. A ƙarƙashinsa akwai wata baƙar roba mai layi-layi, ita ce magudanar tawada, aikinta ta saki tawada daidai gwargwado ta kuma bar iska ta shiga ta cike gurbin wadda ta fita, irin tsarin da Lewis Waterman ya yi wa rijista a Amurka a 1884. Bakin nan iri biyu ne a kasuwa yau, ko na ƙarfen da baya tsatsa ko na gwal. Na gwal za ka ga an buga masa 14K ko 585, wani 18K ko 750, kamfanin Sailor na Japan ma har 21K yake yi. Mata sun fi mu sanin wannan lissafin, gwal zalla karat 24 ne, to 14K na nufin kashi 14 cikin 24 ne gwal, wato kusan 585 cikin 1000, sauran azurfa ce da jan ƙarfe da makamantansu da aka gauraya don ya yi ƙwari. Amma fa kar a ɗauko hankalin kasuwar sarƙa da ɗan kunne a kawo nan, a can 21 ya fi 18 daraja ba gardama, a bakin alƙalami kuwa 21 ba ya nufin rubutu zai fi daɗi, da yawa daga masu gyaran baki ma 14K suka fi so saboda in ya ɗan lanƙwasa yana komawa yadda yake.

Ga inda maganar take: gwal ɗin nan baya taɓa takarda sam. Ɗauki alƙalamin ka duba can ƙarshen tsinin da kyau, za ka ga wani ɗan ƙwallo fari ƙarami da aka liƙa, shi ne yake gogar takarda. Gwal yana da taushi, da shi ne yake bin takarda da tuni ya cinye, shi ya sa ake liƙa wani ƙarfe mai tsananin ƙwari da 'yan harkar ke kira iridiyom, duk da yanzu yawanci gaurayen wasu ƙarafa ne irin su rutiniyom da tangistin, sunan ne kawai ya bi shi. Kuma irin wannan ɗan ƙwallon ne a kan bakin ƙarfe na kirki. Kenan santsin da kake ji ko kaushin, daga yadda aka goge ƙwallon ne da yadda ɓangarorin tsagar biyu suka daidaita da kuma yawan tawadar da ke sauka, ba daga gwal ba. Alƙalamin Platinum Preppy na 'yan daloli in an dace da shi sai ya fi wani na dala 300 santsi, wannan ba ƙarya bane, kowa a harkar ya sani, sai dai wanda ya riga ya biya dala 300 ɗin baya son a faɗa a gabansa.

To me ya kawo gwal tun farko? Tsatsa. Tawadar da Turawa suke rubutu da ita a da, wadda ake haɗawa da gishirin ƙarfe da wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak, tana da tsami mai cin ƙarfe, bakin ƙarfe na wancan zamanin baya jimawa yake lalacewa, gwal kuwa ko a jikinsa. A lokacin dole ce ba ado ba. Yanzu ƙarfen ya canza, tawadar ma ta canza, bakin ƙarfe na Lamy Safari zai yi maka shekaru bai yi tsatsa ba in dai kana wanke shi.

Abin da ya rage wa gwal shi ne ɗan taushin da yake bayarwa lokacin da hannu ya sauka. In a mota ne, ƙwallon nan shi ne taya, gwal kuma shokozoba, baya taɓa kwalta amma kana jinsa a jikinka in tafiya ta yi nisa. Mai rubuta shafi goma a zaune zai iya jin bambancin, mai sa hannu a takarda biyu a ofis ba abin da zai ji. Kuma ko wannan taushin ma ba kowane bakin gwal ke da shi ba, ya danganta da kaurin ƙarfen da yadda aka yanka shi. Platinum #3776 Century bakinsa 14K ne amma a tsaye yake ƙyam, Sailor ma haka, har da wani ɗan kaushi irin na fensir da masu sonsa suke mutuwar so wasu kuma basa iya jurewa. Pilot Custom 74 ya fi su laushi. Abin dariya Pelikan M200 da bakinsa ƙarfe ne ya fi wasu na gwal ɗin taushi. Sannan don Allah in ka ji an ce taushi kar ka je ka dinga dannawa kana neman layi ya buɗe, alƙalamin tawada nauyinsa kaɗai ya isa ya yi rubutu, in ka danna da ƙarfin da ka saba danna biro sai tsagar ta wage ta ƙi komawa, shikenan ka jawo wa kanka.

Wani amfanin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne na gaskiya, kamfani in zai sa gwal yawanci a alƙalamin da ya fi ba kulawa yake sawa, jikin ya fi kyau, murfin ya fi rufuwa, an fi duba bakin kafin ya fita. Kuɗin da kake biya na wannan ne gaba ɗaya, don gwal ɗin da ke bakin kansa bai kai giram guda ba a yawancinsu. Duk da haka tashin farashin gwal ya taɓa su, a 2025 oza ɗaya ta haura dala 3000 a watan Maris, zuwa Oktoba ta haura dala 4000, kamfanonin Japan ɗin nan, Pilot da Platinum da Sailor, kuma sun ƙara kuɗi, alƙaluman da ake cewa na masu shigowa ne yanzu sai ka shirya wajen dala 150 zuwa 250 gwargwadon inda ka saya, ka lissafa da canjin yau ka ga ko abin wasa ne.

A kula da ruwan gwal. Baki ya yi launin ruwan ɗorawa yana ƙyalli ba shi ke nuna gwal bane, da yawa ƙarfe ne aka yi wa ruwa, Pelikan M200 ɗin da na ambata ma haka yake kuma su basu ɓoye ba, sai ka hau M400 kake samun 14K. In baka ga 14K ko 585, 18K ko 750, ko 21K a jiki ba to ka yi hattara. Akasin haka ma yana faruwa, Lamy 2000 bakinsa fari ne kamar ƙarfe alhali gwal ne 14K aka lulluɓe da filatinam. Haka rubutun nan na Iridium Point Germany da ake gani a kan alƙaluma masu araha, ba hujja bace cewa a Jamus aka yi bakin. Shi kuwa Montblanc da wani zai tallata maka a farashin buhun shinkafa, ba sai an tsaya bincike ba, samfurinsu Meisterstück 149 na asali ya kai dala 1000, lambar 4810 da suke bugawa a bakin, wato tsayin dutsen Mont Blanc a mita, masu jabu ma sun iya buga ta tsaf.

Yanzu ga wanda ya ce shi dai ya ji ya gani zai saya. Abin da zai sa ka so alƙalamin ko ka jefa shi a durowa ba karat bane, faɗin bakin ne da irin takardar da kake rubutu a kai. Za ka ga EF, F, M, B, daga siriri zuwa mai kauri, amma F ɗin Japan ba F ɗin Jamus bane, na Japan ya fi siranta da kusan mataki guda saboda haruffansu masu layuka da yawa ne a ɗan ƙaramin wuri. Takardun da muka fi samu, littafin makaranta da takardar fotokwafi, suna shan tawada, in ka ɗora musu M ɗin Jamus mai zubar da tawada sai rubutun ya baje ya fito ta baya. Don haka a irin takardarmu F ko M na Japan ya fi zama lafiya. Mai rubutun Larabci ko ajami kuma ya sani bakin da aka saba sayarwa zagayayye ne, layinsa kauri ɗaya ne ta ko'ina, ba zai ba shi kauri da sirantar alƙalamin gamba da aka fere ba, wannan sai an goge baki na musamman, kuma bana ba ɗan koyo shawarar ya fara gwada gugar a kan na gwal.

Tunda an zo maganar gamba, tawadar allo kar ta kusanci alƙalamin nan ko da wasa. Gawayi da ƙaro da ke cikinta in suka bushe a magudanar sun toshe ta, haka ma tawadar zane ta kwalba da tawadar hatimi. Sai wadda aka rubuta ta alƙalamin tawada ce, irin su Parker Quink ko Pelikan 4001, basu da tsada kuma basu da rigima.

Hanyar ɗura tawada ma a duba. Pilot da Platinum da Sailor da Lamy kowa katirij ɗinsa daban, wato ɗan bututun roba da ke zuwa cike da tawada a soka shi a cikin alƙalami, na wannan baya shiga na wancan, in ka dogara da katirij ranar da suka ƙare sai ka jira wani ya taho daga waje. Ka haɗa da kwanbata tun wajen oda, wato ɗan bututun da ke zuƙo tawada daga kwalba, shikenan kwalba ɗaya ta kai ka watanni. Lamy 2000 shi baya buƙatar ko ɗaya, fistin ne a cikinsa kana murɗa gindin yana zuƙa, tun 1966 ake yinsa a kan zanen Gerd Müller kusan ba a canza komai ba, alƙalami ne na gaske sai dai yana zubar da tawada sosai kuma yana son a riƙe shi a wata kusurwa daidai, shi ya sa ban cika tura sabon shiga wajensa ba. Platinum #3776 kuma, da aka raɗa wa suna da tsayin dutsen Fuji, abin da ya fi burge ni da shi murfinsa ne, akwai wani murfi na ciki mai sifirin da ke toshe iska, kamfanin ya ce tawada zata wuce shekara bata bushe ba, wanda ya san yadda iskar hunturu ke busar da komai a Kano ko Damagaram zai gane amfanin wannan. Custom 74 shi ne na tsakiya, Pilot ta fitar da shi a 1992 tana cika shekara 74 da kafuwa, baya da wani abin kallo amma da wuya ka ji wanda ya saya yana kuka.

Ra'ayina dai, wanda bai taɓa riƙe alƙalamin tawada ba kar ya fara da gwal. Ya sayi Preppy ko Pilot Kakuno ko Safari, ya yi rubutu da shi har ya gane ko siriri yake so ko mai kauri, ko mai santsi ko mai ɗan kaushi, don in ka yi kuskuren faɗin baki a Safari baki kawai zaka zare ka sa wani da kuɗi kaɗan, in kuwa a na gwal ne canjin bakin zai iya cin rabin kuɗin alƙalamin, wasu kamfanonin ma basa sayar da bakin shi kaɗai. In kuɗin basu kai ba kuma kana son abin da ya fi na 'yan koyo, TWSBI Eco na Taiwan fistin ne da shi, bakin ƙarfe mai kyau, canjin da ya rage ka sa a tawada da littafi mai takarda mai kauri, wallahi bambancin da takarda zata kawo maka sai ya fi na karat.

Na hannu ma hanya ce, tsofaffin Parker 51 da aka fara fitarwa a 1941 suna nan da yawa suna aiki, galibinsu kuma bakin gwal ne. Sai dai a nemi hoton tsinin daga kusa a tabbatar ɗan ƙwallon yana nan a ɓangarorin biyu bai ɓalle ba, a duba jikin babu tsagewa, a kuma tambaya ko yana zuƙar tawada, don mai gyaran irinsu ba a kowane gari ake samu ba. Sabo ne ko na hannu, in ya iso ka fara ɗauraye shi da ruwa mai sanyi, ba na zafi ba, ka bar shi ya tsane kafin ka ɗura masa tawada.