Na'urar gano motsi a gidajen kula da tsofaffi

Na'urar gano motsi ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a bango, ko bakin ƙofa, ko ƙarƙashin katifa, domin ma'aikata su san halin da tsoho ke ciki ba sai sun tsaya a kansa ba. Ana amfani da ita a Amurka, Turai da Japan. Abin da aka fi gudu shi ne faɗuwa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 duk shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu.

Tarihi

Kafin zuwanta, tsoho ne ke neman taimako da kansa. Wajen farkon shekarun 1970 Wilhelm Hormann ya ɓullo da tsarin kiran gaggawa daga gida a Jamus, kuma a 1974 Andrew Dibner ya kafa kamfanin Lifeline a Amurka. Madanni ne ake rataya wa a wuya ko a ɗaura a hannu. Cikas ɗinsa a bayyane yake: wanda ya suma ba ya danna komai, mai cutar mantuwa kuma yakan bar shi a kan tebur. Wannan ya sa aka koma neman na'urar da za ta lura da kanta.

A 2004 aka buɗe TigerPlace, wani gidan zaman tsofaffi, a garin Columbia na jihar Missouri, da haɗin gwiwar Jami'ar Missouri. A nan masu bincike na jami'ar, Marilyn Rantz da Marjorie Skubic, suka gwada na'urorin ɗaki da na gado, har da Kinect na Microsoft, na'ura mai kyamara da ke bin motsin jiki, wadda asalinta ta wasan bidiyo ce. Sun duba ko sauyin takun mutum, ko yawan zuwa banɗaki da dare, zai nuna ciwo tun bai kwantar da shi ba.

Yadda take aiki

Mafi yawansu zafin jikin mutum suke ji idan ya gifta. Sababbi na amfani da radar, wato gano motsi ta igiyar rediyo.

Saɓani

Wani bincike da aka buga a 2012 a kan wani asibitin Amurka bai ga ƙararrawar gado, wadda ke ƙara idan majiyyaci ya tashi daga gado, ta rage faɗuwa ba. Ma'aikata na kokawa da yawan ƙarar banza. Ana kuma jayayya kan sirrin mazauna, da wanda zai ba da izini a madadin mai cutar mantuwa.