Wai mece ce "cutar mage" da ake ta tsorata masu juna biyu da ita?

Kwanan nan babu inda za ka juya ba ka ji "cutar mage" ba, a shirye-shiryen lafiya na rediyo da gajerun bidiyon Facebook da TikTok. Wani ya ce gashin kyanwa na hana haihuwa, wani ya ce da zarar mace ta samu ciki a kori kyanwar gidan. Abin da ake nufi shi ne toksoplasmosis, cuta ce ta gaske, amma yadda ake bayaninta ya karkace har ya kai ana ba mutane shawarar da ke ƙara musu haɗari.

Ko sunan ƙwayar da ke jawo ta, Toxoplasma gondii, babu kyanwa a cikinsa. A 1908 masu bincike biyu, Nicolle da Manceaux, suka gano ta a Cibiyar Pasteur ta birnin Tunis, a jikin wata 'yar dabba dangin ɓera da ke zama cikin duwatsun Arewacin Afirka, wadda ake kira gundi. Daga nan "gondii" ya fito. Shi kuwa "toxo" daga kalmar Girkanci ce mai nufin bakan harba kibiya, domin ƙwayar lanƙwashe take. Sai wajajen 1970 aka tabbatar cewa a hanjin dangin kyanwa ne kaɗai take yin ƙwai. Ashe da an bi tarihi, "cutar ɓera" ya fi dacewa da ita, kuma da hakan ya fi kusa da gaskiya, tunda daga ɓera da tsuntsu da ɗanyen nama ita kanta kyanwar ke kamuwa.

Ga abin da masu surutun ba sa faɗa. Kyanwar da ta kamu a karon farko tana zubar da ƙwan cutar a kashinta na mako 1 zuwa 3 ne kawai, bayan haka da wuya ta sake. Ƙwan kuma ba ya iya kama mutum a ranar da ya fito, sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ya nuna. Idan ya samu ƙasa mai laima, yana iya shekara guda yana nan da ransa. To wa ya fi zama barazana? Kyanwar da ke cikin ɗaki tana cin dafaffen abinci, ana kwashe kashinta kullum, ko wadda aka kora ta koma farautar ɓeraye a bola, ta dawo da dare ta binne kashi a tarin yashin ginin da yara ke wasa a kai?

Mutane da yawa ma ba ta hanyar kyanwa suke kamuwa ba. Tsiren rago ko na akuya da bai gasu ciki ba, latas da kabeji da ba a wanke sosai ba, ruwa marar tsabta, hannun da ya taɓa ƙasar lambu ya tafi baki. Mai lafiya galibi ba zai san ya kamu ba. Haɗarin yana kan macen da ta kamu karon farko tana da ciki, domin ƙwayar na iya jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri, sai kuma mai raunin garkuwar jiki.

Tsare kyanwa a gida kuwa ba kulle ta a ɗaki a manta da ita ba ne. A sa mata roba mai faɗi da yashi mai tsabta zurfin kamar santimita 5, nesa da kicin da wurin abincinta. Idan kyanwoyi biyu ne, roba uku, domin ba sa son haɗa wuri, kuma da zarar robar ta yi wari za su koma yi a bayan kujera. A kwashe kashin kowace rana, kafin ƙwan ya nuna, a wanke robar da tafasasshen ruwa duk mako. Mai ciki ta bar wa wani wannan aikin. In babu kowa, ta sa safar hannu, ta wanke hannu da sabulu. Kada a jefa mata ɗanyen nama ko kayan ciki lokacin fiɗa, ko da ranar Layya ce. A sa raga a taga, a aje mata guntun katako da za ta riƙa karta, in ba haka ba kujerun falo ne za su sha farce.

Kyanwar da ba ta fita ta kuma tsira daga mota da karnuka, da cin ɓeran da ya ci shinkafar ɓera, da ƙuma, da cizon muzurun unguwa wanda ke zama ƙurji mai mugunya. Duk da haka a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafin haukan kare tun tana wata 3, a kuma tambaye shi aikin hana haihuwa, domin muzurun da ba a yi wa ba zai kwana yana kuka a bakin ƙofa har sai ya samu hanyar fita.