Yarjejeniyar Ramsar da ruwan kwatar da ke kwarara cikin dausayi

An amince da wannan yarjejeniya ta kare dausayi ne a garin Ramsar na ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairun 1971, ta fara aiki a 1975. Ƙasashe sama da 170 ne a ciki yanzu, kuma kowace sai ta ware aƙalla dausayi ɗaya ta shigar da shi jerin waɗanda duniya ta sa wa ido. Tsuntsayen ruwa aka fi dubawa tun farko.

Sai dai dausayi gangare ne, abin da aka zubar a sama nan yake zuwa ya kwanta. Ruwan masai da na wanki da na masana'antu, in ba a tace ba, cike yake da nitirojin da fosfarus. Taki ne ga gansakuka. Takan rufe fuskar ruwan ta tare rana, in ta mutu ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin. Da asuba abin ya fi tsananta: kifi ya taso yana hangame baki, kafin hantsi wasu sun juya ciki sama. Zalɓen da ya saba tsayawa a bakin ruwan sai ya canja sheƙa. Dalma da makamantanta kuwa ba sa ruɓewa, a laka suke zama, daga tsutsa zuwa kifi, daga kifi zuwa tsuntsu.

Sashe na 3 na yarjejeniyar shi ne ya taɓo wannan. Ya ce idan yanayin dausayin ya sauya, ko yana sauyawa, ko ana ganin zai sauya saboda gurɓatawa, dole ƙasar ta sanar da ofishin yarjejeniyar ba da ɓata lokaci ba. A lura, ba sai ɓarna ta auku ba. Tun 1990 akwai Rajistar Montreux, inda ake sa wuraren da suka tagayyara.

To amma babu tara, babu kotu. Kunya ce kawai makamin. Mai iya kama kamfani ita ce dokar cikin gida, wadda ke ba da lasisin zubar da ruwa, ta ƙayyade yawan dattin da aka yarda ya fito daga bakin bututu. Sau da yawa bututun yana can nesa, wajen iyakar da aka shata wa dausayin, a ƙarƙashin wata hukumar daban.