Mene ne gwajin maye a bakin hanya?

Gwajin maye shi ne dubawar da ɗan sanda ke yi wa direba don ya gane ko abin da ya sha ya taɓa shi har tuƙi ya zama haɗari. Da yawa a tasha sun ɗauka na'urar nan da ake sa mutum ya hura ita ce komai. Barasa kaɗai take kamawa. Wanda ya watsa tramol da asuba ya ɗebo awaki zuwa Maigatari ranar Alhamis, ko yini ya yi yana hurawa ba abin da za ta nuna.

Shi ya sa ake komawa ga jiki. 'Yan sandan Los Angeles a Amurka ne suka tsara hanyar a shekarun 1970, kuma matakai 12 gare ta. Ido na cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Jami'i zai ɗaga biro yana kai shi dama da hagu, direba ya bi shi da ido ba tare da ya motsa kai ba. Idan idon yana fizga, ana zargin barasa ko maganin barci. Kodin tsuke baƙin ido yake yi ya koma kamar kan allura, ko a cikin duhu. Ƙwayoyin ƙara kuzari kuma buɗe shi suke yi.

Sai tafiya: taku 9 a kan layi, diddige na taɓa yatsu, a juyo a sake 9. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30 ana ƙirge da baki. Ba ƙarfin ƙafa ake nema ba. Ana duba ko mutum zai iya riƙe umarni a ka yana aiki da jiki a lokaci guda, don tuƙi haka yake.

Duk wannan bai wuce zargi mai ƙarfi ba, sai an auna jini ko fitsari. Shi ma fitsarin da sauran magana, domin wiwi kan fito a cikinsa bayan kwanaki, alhali maye ya daɗe da sakin mai shi.

Inda nake ganin an fi yin gaggawa shi ne jan ido. Direban da ya kwana a hanya daga Legas, ko ɗan acaɓan da ya sha ƙurar hunturu daga Wudil, idonsa jawur yake. Mai ciwon suga ma idan sukarinsa ya sauka yakan yi tangaɗi, magana ta sarƙe masa. Don haka tun a farkon matakan ake tambayar direba ko yana da wata larura, da irin maganin asibitin da yake sha.