Waiwaye: Ƙugun Mace da Wahalar Haihuwa

A 1933 wasu likitoci biyu a Amurka, Caldwell da Moloy, suka kasa ƙashin ƙugun mata gida huɗu, suka ce mai zagayayyen baki shi ya fi dacewa da haihuwa. Wannan rabo ya shiga littattafan koyon aikin ungozoma, ya yi zamansa shekara da shekaru.

A 1960 Sherwood Washburn, wani masanin asalin ɗan Adam, ya zo da nasa bayanin. Ya ce tafiya da ƙafa biyu ta matse ƙugu, kan jariri kuma ya girma, shi ya sa naƙuda take da wuya ga 'ya mace. Tonon da aka yi a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974 ya ƙara wa muhawarar zafi, domin ƙasusuwan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum da aka laƙaba wa suna Lucy, waɗanda masana suka ƙiyasta sun kai shekara miliyan 3.2, sun nuna gajeren ƙugu mai faɗi irin na mai tafiya a tsaye, kanta kuwa ɗan ƙarami.

Daga baya aka soma warware zancen. A 2015 Anna Warrener da abokan aikinta suka gwada maza da mata suna tafiya da gudu, suka ga faɗin ƙugu ba ya ƙara cin ƙarfi. A 2018 Lia Betti da Andrea Manica suka nuna siffar hanyar haihuwa ta bambanta daga yanki zuwa yanki, ta matan Afirka kudu da Sahara ta fi zurfi daga gaba zuwa baya. Ashe ma'aunin da aka daɗe ana riƙe da shi, jikin Turawa ya fi dacewa da shi.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni binciken da aka yi a nan Jos ne. A 1999 Tom Thacher da abokansa suka buga sakamakon aikinsu kan yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, masu gwame da masu ƙafar baka, suka gano ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sanadi, ba rashin hasken rana ba. Ciwon da ke lanƙwasa ƙafar yarinya yana iya matse ƙugunta. Idan ta ɗauki ciki jiki bai gama ƙosawa ba, naƙuda ta yi tsawo, asibiti ya yi nisa, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, sai yoyon fitsari. Irin waɗannan mata ne ake yi wa aiki a cibiyar Evangel da ke asibitin Jankwano, wasunsu daga jihohi masu nisa suke zuwa.