Google AdSense

Google AdSense shiri ne na tallace-tallace mallakar kamfanin Google na ƙasar Amurka, wanda ke bai wa mai shafi a intanet damar ba da hayar wani gurbi a shafinsa ga masu talla, a riƙa biyansa. Google ne dillali a tsakani: shi ke nemo masu tallan, ya zaɓi tallan da zai fito, ya karɓi kuɗin, ya cire la'adarsa, sannan ya miƙa wa mai shafi ragowar. An buɗe shi ga jama'a ranar 18 ga Yuni, 2003, kuma tun daga lokacin ya zama hanyar da ƙananan marubuta suka fi bi wajen samun ɗan abin cefane daga abin da suke wallafawa.

Asali

Tallan intanet ya girmi AdSense da kusan shekara tara. A watan Oktoban 1994 ne shafin HotWired ya sa tallan kamfanin sadarwa na AT&T a saman shafinsa, wanda ake lissafawa cikin tallace-tallacen farko irinsa. A wancan zamani cinikin irin na jarida ne: mai shafi ya aika wakili wurin kamfani, a yi tayi, a daidaita. Malamin makaranta da ke rubutu a kan lissafi bayan an tashi aiki, ko uwargida mai koyar da girki, ba su da wakilin da za su aika, ba kuma kamfanin da zai saurare su.

A 1998 kamfanin GoTo.com na Bill Gross ya yaɗa tsarin da mai talla ba ya biya sai an danna tallansa. Google ya fito da AdWords a watan Oktoban 2000 don sa talla a gefen sakamakon bincike, sannan a watan Afrilun 2003 ya sayi kamfanin Applied Semantics na jihar Kalifoniya a kan dala miliyan 102. Daga wannan kamfani aka gaji sunan AdSense. Abin da shirin ya zo da shi shi ne na'ura ta karanta shafi, ta gane a kan me yake magana, ta kawo tallan da ya dace da shi, ba tare da mai shafin ya taɓa ganin mai tallan ba.

Yadda yake aiki

Wanda ya kai shekara 18 kuma yake da shafi zai iya neman shiga. Google zai duba shafin, idan ya amince sai ya ba shi 'yan layukan rubutun kwamfuta ya liƙa. Daga nan, duk lokacin da wani ya buɗe shafin, ana yin gwanjo cikin ƙasa da daƙiƙa guda tsakanin masu talla da ke son wannan gurbin, wanda ya yi nasara tallansa ya bayyana. Tun ƙarshen 2021 wanda ya ci gwanjon yana biyan abin da ya taya ne daidai. Kafin nan abin da ya ɗan ɗara tayin na biyu yake biya.

Abu biyu ke sa a taya gurbi da tsada ko da araha: abin da shafin ya ƙunsa, da kuma wanda ke karanta shi. Ƙasar da mai karatu yake, irin wayar ko kwamfutar da ke hannunsa, da abubuwan da ya bincika a baya, waɗanda ake ganowa ta ƙananan bayanan da ake kira kukis, duk suna shiga lissafi. Shi ya sa mutum biyu za su buɗe shafi ɗaya a lokaci ɗaya, na Kano ya ga tallan katin waya, na Landan ya ga tallan inshora, kuma kuɗin da mai shafi ya samu daga kowannensu ya sha bamban ƙwarai.

Rabon kuɗi

Shekara bakwai Google bai bayyana kason da yake ɗauka ba. Sai a watan Mayun 2010 ya sanar cewa mai shafi na samun kashi 68 cikin 100 na kuɗin tallan da ke fitowa a jikin rubutu, da kashi 51 na tallan da ke fitowa tare da sakamakon bincike idan an yi amfani da akwatin binciken da ke shafinsa. A watan Nuwamban 2023 ya sauya fasalin lissafin: dandalin da mai talla ya saya ta hannunsa zai fara cire nasa, sannan mai shafi ya karɓi kashi 80 na abin da ya rage. Kamfanin ya ce idan aka haɗa duka, abin da ke isa hannun mai shafi yana nan wajen kashi 68. A sanarwar ce kuma ya ce zai koma biya bisa yawan fitowar talla maimakon yawan dannawa.

Ma'aunin da masu harkar suka fi sa wa ido shi ne RPM, wato abin da shafi ke kawowa a duk buɗewa dubu. A nan ne mafarkin mutane da yawa ke karo da lissafi. A ɗauka, don misali kawai, shafi na kawo dala 1 a buɗewa dubu: sai an buɗe shi sau 100,000 kafin mai shi ya tara dala 100. Wanda ake buɗe shafinsa sau 300 a rana zai kusa shekara yana jira, ga kuɗin data, ga kuɗin sabunta sunan shafi da na ma'ajiyarsa duk shekara. Ga mafi yawan ƙananan marubuta abin da ake samu ƙari ne a kan wata sana'a, kuma masu tallata shi a matsayin hanyar yin arziki cikin wata biyu suna cutar matasa.

Biyan kuɗi

Google ba ya biya sai kuɗin sun kai dala 100, ko fam 60, ko yuro 70, gwargwadon kuɗin da asusun ke amfani da shi. Ana rufe lissafi a ƙarshen wata, a tura kuɗin tsakanin 21 da 26 ga watan da ke biye. Abin da bai kai ba yana nan ajiye har ya cika.

Kafin a kai nan akwai wani shinge da ya sha wahalar da mutane. Da zarar asusu ya tara dala 10, Google na aiko da lambar sirri mai alƙaluma shida a takarda, ta gidan waya, don ya tabbatar da adireshin mai asusun, kuma wata huɗu ake ba shi ya shigar da ita. A garin da kowane gida ke da lamba wannan ba komai ba ne. Ga wanda adireshinsa shi ne "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi", wasiƙar kan yi makonni ba ta iso ba, ya yi ta zarya gidan waya yana tambaya, wani ma sai ya ari akwatin gidan waya na ofis ko na makaranta. Da yake da kuɗin waje ake biya, marubutan Najeriya kan buɗe asusun dala a banki, kuma faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta sa dala 100 ɗin ta ƙara auki idan aka canza ta.

Abubuwan da aka haramta

Babban laifi a shirin shi ne dannawar bogi. Ba a yarda mai shafi ya danna tallan da ke shafinsa ba, ko ya roƙi masu karatu su danna, ko ya shiga rukunin "danna mini in danna maka", ko ya sayi baƙi na na'ura. Matsalar tsohuwa ce: a 2006 Google ya amince da sulhun da ya kai dala miliyan 90 a ƙarar da masu talla suka shigar a jihar Arkansas kan dannawar bogi. Hukuncin da Google ke yanke wa mai shafi yakan kama daga rage tallan da ke fitowa har zuwa rufe asusu da mayar wa masu talla kuɗinsu, kuma wanda aka rufe wa asusu kan wannan laifi ba kasafai ake barinsa ya buɗe wani ba. Abin tausayin shi ne wani ƙaninsa ne ko abokinsa ke zama ya yi ta dannawa da niyyar taimako, ya jawo masa asarar aikin shekaru. Satar rubutun wasu, batsa, da kalaman tunzura ƙiyayya su ma suna hana talla fitowa.

Shi ma mai shafi yana da ikon toshe nau'in tallan da ba ya so, kamar na caca da na giya. Ga marubucin da ke rubuta wa Musulmi, wannan saiti na cikin abin da ya kamata ya fara dubawa, don mai karatu ba ya bambanta abin da marubuci ya sa da abin da na'ura ta sa.

Batun harshe

AdSense ba ya karɓar shafi sai babban harshensa na cikin jerin da Google ya amince da su. Larabci ya daɗe a ciki, an ƙara Hindi a 2014, Bengali a 2017, amma shekara da shekaru jerin ya yi babu Hausa, duk da miliyoyin masu karanta ta. Wannan ya tura wasu marubuta rubutu da Turanci, wasu suka cakuɗa harsunan biyu, wasu kuma suka koma YouTube, inda ake biyan mai tasha kashi 55 na kuɗin tallan bidiyonsa ta asusun AdSense, bayan ya cika sharuɗɗan da suka haɗa da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Rashi ne babba ga rubutacciyar Hausa, domin wanda ya iya alƙalami sai ya ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu sai ya ɗauki kyamara. Waɗanda suka tsaya a kan rubutun sukan sayar da gurbi kai tsaye ga mai shagon atamfa, makaranta mai zaman kanta ko mai turare, a yi ciniki na wata-wata, kuɗin kuma su shigo da naira ko sefa ba tare da dillali ba.

Ƙararraki da halin da ake ciki

Girman Google a wannan kasuwa, musamman bayan ya kammala sayen kamfanin tallan intanet na DoubleClick a 2008 a kan dala biliyan 3.1, ya jawo masa shari'o'i. A watan Maris na 2019 Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 1.49 kan sharuɗɗan da ya gindaya wa masu amfani da AdSense na bincike, amma kotun Tarayyar ta soke tarar a watan Satumban 2024. A watan Afrilun 2025 mai shari'a Leonie Brinkema ta kotun tarayya a jihar Bajiniya ta yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba a ɓangarori biyu na fasahar tallan intanet.

Kuɗin da Google ke samu daga talla a shafuka da manhajojin wasu, wanda AdSense ke ciki, ya sauka daga kimanin dala biliyan 32.8 a 2022 zuwa 31.3 a 2023, sannan 30.4 a 2024, a daidai lokacin da kuɗin tallan bincike da na YouTube ke hauhawa.